Udo: Garin Katako Da Aka Cinye Wa Uwar Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana hulɗa da 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko kasuwar katako ta Dei-Dei a Abuja, ya san cewa kayan da ake saukewa daga Kudu a yau ba irin na shekaru talatin da suka wuce ba ne. Falanki ya ƙanƙance, ɗanyen katako ya yawaita, mahogani da iroko na ainihi sun zama sai an sa a nemo an kuma jira, malaina kuwa ta cika rumfuna. Akan ɗora laifin wannan hali a kan tsadar man dizal, da faɗuwar darajar naira, da shingayen karɓar kuɗi da ke kan hanya. Babu shakka duk waɗannan suna da nasu kaso. To, amma asalin ciwon yana can inda ake saro itacen, kuma tarihin wani ƙaramin gari mai suna Udo a Jihar Edo ya isa ya nuna yadda abin ya faru.

Udo yana cikin Ƙaramar Hukumar Ovia ta Kudu maso Yamma, yamma da Birnin Benin, a ƙetaren Kogin Ovia wanda ake kuma kira Osse. Shi ne ƙofar shiga gandun dajin Okomu, wanda a da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, yana kuma cikin dazuzzukan da suka fi ba Nijeriya katako mai daraja a ƙarni na 20. Abin da tarihin garin ke koyarwa shi ne, daji uwar kuɗi ne, katakon da ya kai sara kowace shekara shi ne riba. Muddin aka tsaya a kan riba, garin katako yana iya rayuwa har illa masha Allahu. Ranar da aka fara cin uwa, an fara ƙidayar kwanakinsa. Kuma ba a taɓa hana cin uwar kuɗi ba sai an ba mutanen da ke zaune a bakin dajin rabo tabbatacce a cikinsa.

Udo tsohon gari ne wanda ya girmi sana'ar katako da ɗaruruwan shekaru. A tarihin masarautar Benin, nan ne mazaunin Arhuanran, ɗan Oba Ozolua, wanda ya yi jayayyar gadon sarauta da ɗan'uwansa Esigie a farkon ƙarni na 16, aka gwabza yaƙi, Udo ta sha kaye. Har yanzu Iyase na Udo shi ne babban basaraken garin a ƙarƙashin Oba na Benin. Wani abin lura ga masu nazarin tattalin arziki shi ne binciken da wata tawagar masana tsirrai daga Jami'ar Kembirij ta Ingila ta gudanar a Okomu a 1947 da 1948. Sun haƙa ƙasa a ƙarƙashin manyan itatuwan, sai suka tarar da gawayi da fasassun tukwane. Ma'ana, wannan ƙungurmin daji da Turawa suka ɗauka tun fil azal haka yake, ya tsiro ne a kan tsofaffin gonaki da kufai bayan mutane sun ragu a wurin. Ke nan dajin mahogani amfanin gona ne mai dogon zango. Ana iya girbe shi, yana kuma iya dawowa, in dai an ba shi shekarun da yake bukata.

Sana'ar katako ta shigo yankin ne bayan 1897, shekarar da sojojin Ingila suka ci Birnin Benin da yaƙi suka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba. Nan da nan kamfanonin Turai suka karɓi izinin saran mahogani, wanda ɗan'uwan maɗaci ne na ƙasar Hausa, sai dai ya fi shi tsawo da miƙewa. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ma'aikatar gandun daji a ƙarƙashin H. N. Thompson, wanda ya yi aiki a Bama kafin zuwansa, aka keɓe Okomu a matsayin gandun daji a 1912, aka kuma ƙara faɗinsa a 1935. A zamanin farko da gatari ake kayar da itace, ƙarti su ja gungumen da igiya a kan jerin sanduna har bakin rafi, a ɗaɗɗaure gumaguman a kora su bisa ruwa zuwa Sapele. Daga wannan tashar ne ma katakon da duniya ta sani da sunan sapele ya samo sunansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harka ta bunƙasa. Kamfanin AT&P, wani reshe na UAC, ya gina masana'antar tsaga katako da yin filawud a Sapele, wadda ta ɗauki ma'aikata fiye da 3,000, tana kuma cikin manyan masana'antun ƙasar nan a shekarun 1950. Okomu na cikin dazuzzukan da ke ciyar da ita. Kamfanin ya fasa hanyoyi a cikin daji, ya kafa sansanonin ma'aikata, ya mayar da Nikrowa da ke bakin Kogin Osse wurin tara gumagumai. Ta haka Udo ya zama mahaɗar jama'a. Ban da 'yan ƙasa Edo, Urhobo da Ibo da Ijo da mutanen yankin Kalaba suka zo neman aikin lada, wasu suka yi aure suka zauna. Albashin ƙarshen wata ya raya kasuwa, mata suka samu cinikin abinci, tela da maƙeri da mai gyaran keke duk suka samu abin yi.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fi lura da shi a wannan zamani shi ne ƙa'idar sara. A tsakiyar shekarun 1940 an tsara cewa za a zagaye gandun daji a cikin shekara 100. An yanka dajin gida-gida, kowace shekara a buɗe kashi ɗaya cikin ɗari, a sare itatuwan da kaurinsu ya kai awon da doka ta yanke, sannan a rufe wurin har sai zagaye ya dawo. Kamfani kuma yana riƙe da izini na shekara 25, saboda haka yana da dalilin gina hanya mai ƙarko da kuma tsare dajin daga ɓarayi, tun da abincinsa na baɗi yana ciki. Lissafin a fili yake: a daji mai murabba'in kilomita 1,000, goma kawai za a taɓa a shekara.

Har ila yau akwai tsarin da ake kira taungya, wanda aka kwaikwayo daga Bama aka fara gwada shi a Sapoba ta ƙasar Benin a 1927, daga baya ya iso Okomu. A wannan tsari, ma'aikatar gandun daji kan ba manomi fili a inda aka gama sara, ya shuka doya da rogo da masara da agada na shekara biyu ko uku, a tsakaninsu kuma a dasa 'ya'yan itatuwan katako waɗanda zai riƙa nome wa ciyawa. Idan itatuwa suka yi inuwa sai a ba shi sabon fili. Manomi ya samu ƙasa mai ƙarfi, hukuma ta samu dashe ba tare da biyan lebura mai yawa ba. Gidaje da yawa a Udo da ƙauyukan kewaye da wannan noma suka dogara.

Ba daidai ba ne a mayar da wancan zamani abin kewa ba tare da faɗin aibinsa ba. An keɓe mafi yawan ƙasar Benin a matsayin gandu, aka ƙuntata wa manoma a ƙasar kakanninsu. Babbar ribar katako Ingila ta tafi, ɗan ƙasa kuwa lebura ne ko ɗan kwangilar jan gungume. Dabarar da malaman daji suka ɓullo da ita a 1944, ta sare kurangar daji da kashe itatuwan da ba su da kasuwa da guba domin masu daraja su samu haske, ta ci kuɗi ba ta ba da sakamakon da aka zata ba, har aka watsar da ita a shekarun 1960. Mafi muni, itacen da manomin taungya ya raina da hannunsa ba shi da ko sisi a cikinsa ranar da aka sare shi. Wannan gibi shi ne ya zama ƙofar ɓarna daga baya.

Bayan samun mulkin kai, ikon gandayen ya tashi daga hannun En'e ya koma hannun gwamnati: Jihar Yamma ta Tsakiya da aka ƙirƙiro a 1963, wadda ta zama Bendel a 1976, sannan Edo a 1991. Kowace gwamnati ta zo da bukatar kuɗin shiga da kuma magoya bayan da ke jiran sakayya. A shekarun 1960 aka rage zagayen sara daga shekara 100 zuwa 50, daga baya ya koma 25. A dajin da a da ake taɓa murabba'in kilomita 10 a shekara, yanzu 40 za a taɓa, alhali kuwa mahogani bai ƙara saurin girma don gwamnati na sauri ba. Manyan izini masu dogon wa'adi suka koma ƙananan yankuna na ɗan lokaci da ake raba wa 'yan kwangila. Wanda aka ba daji na 'yan shekaru kuwa, hankalinsa ba zai wuce ya kwashe abin da zai iya kafin wa'adi ya cika ba. Kuɗin da ake karɓa da sunan sake dashe ya riƙa shiga babbar baitulmali, ma'aikatar gandun daji ta koma ofishin tara haraji wanda ake auna ƙwazonsa da yawan abin da ya kawo. Ana ci gaba da raba filin taungya, amma dashen itatuwa ya yi ta raguwa saboda babu kuɗin rainon iri.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da gumagumai zuwa ƙasashen waje, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya sa gine-gine suka yawaita a cikin gida. Hanin bai sa an rage sara ba, illa dai katakon ya juya zuwa Legas da Kano da Kaduna, daga baya kuma Abuja. Injinan tsaga katako suka yawaita a Benin fiye da abin da dajin zai iya ciyarwa. Kamfanin AT&P ya yi ta ja da baya har injinansa suka yi shiru, sunansa kawai ya rage a kan unguwa da sansani. A gurbinsa sai ga zarto mai inji, wanda matashi ɗaya da yaransa biyu za su shiga daji da shi su kayar da itace, su tsaga shi nan take, su fito da falankai a ka. Wannan hanya tana barin kaso mai yawa na itacen a ƙasa a matsayin gari da ɓawo, ba ta barin ƙananan itatuwa su girma, kuma mai riƙe da zarton shi ne ke ɗaukar kasadar rai da ta kamu, shi ne kuma mafi ƙarancin samu a jerin masu cin abinci daga falankin.

Ƙasar dajin ita ma ta fara sauya hannu. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara aikin gonar kwakwar manja ta Okomu a kan hekta 15,580 da aka cire daga gandun, aka sayar wa 'yan kasuwa da kamfanin a 1990, yanzu kuma yana cikin kamfanonin noma mafi ƙarfi a kasuwar hannun jari ta Nijeriya. An kuma ware wani yanki don gonar roba. Bayan 1986, da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, farashin koko ya tashi, manoma Yarabawa suka shigo suka kafa gonakin koko a cikin gandun. Abin da ya tsira na ainihin dajin shi ne yankin da aka keɓe don namun daji a tsakiyar shekarun 1980, wanda ya zama gandun namun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 200 ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsohon gandun, kuma nan ne mafakar giwayen kurmi da wani biri mai farin maƙogwaro da ba a samunsa sai a wannan sashe na Afirka ta Yamma.

Akwai masu cewa babu abin baƙin ciki a nan, domin hekta ɗaya ta kwakwar manja ko koko tana ba da kuɗi kowace shekara, ta kuma ɗauki ma'aikata fiye da hekta ɗaya ta daji, ga shi Nijeriya na shigo da manja daga waje. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma Udo bai mutu ba: albashin gonakin kamfani, da cinikin agada da koko da rogo, su ne ke riƙe da kasuwar garin a yau. To, amma lissafin bai cika ba. Ƙasar nan ba ta daina bukatar katakon rufi da ƙofa da kujera ba, bukatar ma ƙaruwa take yi da yawan jama'a. Idan kowace jiha ta mayar da gandunta gona, ƙarshenta sai an nemi dala kafin a rufa ɗaki. Daɗin daɗawa, mafi yawan ƙasar da aka sare ba ta zama gonar kamfani ba, ta zama sauran da babu mai ita, babu mai dasa komai a cikinta. Bugu da ƙari, baƙon manomi da ke noma a gandu ba tare da takarda ba kullum yana cikin fargabar kora, ɗan ƙasa kuma yana ganin ƙasar gadonsa na ƙarewa, wanda hakan kan jawo husuma tsakanin al'ummomin da suka daɗe suna zaune lafiya.

Arewa ma ta ɗanɗana irin wannan, cikin ɗan lokaci ƙanƙane. Daga wajen 2014, masu saye daga ƙasar Sin suka buɗe kasuwar madobiya, wadda aka fi sani da madrid, garuruwa irin su Garba Chede a Jihar Taraba suka cika da tireloli da baƙi da kuɗi. A 2017 aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Abin da ya ɗauki Okomu rabin ƙarni, duwatsun Taraba sun gan shi cikin shekaru kaɗan. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyar gyara ba baƙuwa ba ce, domin an gwada ta a maƙwabta. A 2002 ƙasar Gana ta sake fasalin taungya ta yadda manomin da ya raini itace yake da kashi 40 cikin ɗari na kuɗinsa ranar sara, hukumar gandun daji kashi 40, masu ƙasa kashi 15, al'ummar da ke bakin dajin kuma kashi 5. Tsarin yana da nasa matsaloli, musamman jinkirin sa hannu a takardun yarjejeniya, amma ya toshe gibin da ya kashe taungya a Okomu. A cikin gida kuma, mutanen Ekuri a Jihar Kuros Riba sun kafa ƙungiyarsu a 1992 suna kula da dajinsu mai hekta 33,600, suka ƙi miƙa shi ga kamfanonin katako ko da an yi musu alkawarin hanya. A Okomu kanta, tun farkon shekarun 2020 Hukumar Gandayen Namun Daji ta Ƙasa ta haɗa gwiwa da gidauniyar Africa Nature Investors, aka ɗauki matasan ƙauyukan kewaye aikin tsaron dajin, har da waɗanda a da sara suke yi. Duk inda mutum ya ga abincinsa a tsayuwar itace, shi da kansa zai tsare shi.

Saboda haka, wajibi ne gwamnatocin jihohin da ke da kurmi, tun da gandun daji a hannunsu yake, su ɗauki matakai huɗu. Na farko, a ƙidaya abin da ya rage a kowane gandu a kuma buga sakamakon, domin babu ɗan kasuwar da ke ciniki bai san abin da ke cikin sitonsa ba. Na biyu, kuɗin sake dashe ya shiga asusu na musamman wanda doka ta hana a taɓa shi don biyan albashi ko wani aiki, a kuma daina yanka wa ma'aikatar gandun daji adadin harajin da za ta kawo. Na uku, a rubuta wa manomin taungya da garinsu kaso a cikin itacen da suka raina, da takardar da magada za su iya gada. Na huɗu, a koma ga izini mai dogon wa'adi wanda aka ɗaure da sharaɗin dashe, a soke shi ga duk wanda ya saɓa. Hukumar gandun daji da Jihar Edo ta kafa a zamanin Gwamna Godwin Obaseki da irin waɗannan ayyuka ya kamata a auna ta.

Su ma 'yan kasuwar katako suna da nasu aiki. Ƙungiyoyinsu suna da jari da tsari da za su iya karɓar hayar ƙasar gandun da ta lalace na shekaru masu yawa su dasa malaina da tik, tare da manoman wurin a matsayin abokan tarayya. Malaina kan kai tsaga a cikin shekara 10 zuwa 15, tik kuma daga shekara 20 zuwa sama, wa'adin da bai fi na ginin da mutum ke yi don haya ya mayar da kuɗinsa ba. Bankuna masu ba da rancen noma ya kamata su tsara bashi mai dogon numfashi da ya dace da wannan. Dillalin da a yau yake jiran abin da mai zarto zai sato masa da dare, kasuwancinsa yana rataye ne a kan dajin da ke ƙarewa.

Mahoganin da aka dasa a Udo bana, sai jikokin mai dashen ne za su tsaga shi. Wannan ne ya sa gwamnati mai wa'adin shekara huɗu ba ta ɗokin aikin, shi ne kuma ya sa dole a ɗaure shi da doka da takardar mallaka waɗanda za su wuce wa'adin kowane gwamna. Gawayi da fasassun tukwanen da aka tono a Okomu sun riga sun shaida cewa wannan ƙasa ta taɓa zama gona ta koma kurmi. Abin da ya rage shi ne a ba mutanen Udo dalilin jiran itacen, domin farashin falanki a Na'ibawa nan da shekara ashirin ya dogara ne da abin da aka dasa a irin waɗannan garuruwa a yanzu.